DUNIYAR HOTO: Dogon Gilashi Ba Ya Yafe Kuskuren Saiti

 A wannan mako filin namu zai juya ne ga 'yan'uwanmu masu sana'ar ɗaukar hoto, musamman waɗanda ke aiki da dogon gilashin nan mai jawo nesa kusa, watau masu tsayawa a bakin filin ƙwallo, da masu bin hawan Salla da sukuwa, da masu ɗaukar manyan taruka inda jami'an tsaro ba su barin kowa ya matso kusa da mumbari. Akwai wani kuka da aka daɗe ana ji daga bakinsu. Mutum ya yi tari ya sayi gilashi mai tsada, ya auna fuskar mahayi sosai, kyamara ta ba shi alamar saiti ya zauna, ya danna, amma da ya koma ofis ya buɗe hoton a kwamfuta sai ya tarar fuskar ta yi dishi-dishi, alhali kuwa hancin doki, ko kuwa 'yan kallon da ke can baya, su ne suka fito garau.

Abin da yakan biyo baya kowa ya san shi. Edita ya ce mai hoto ba shi da hannu, mai hoto ya ce ɗan kasuwa ya cuce shi, shi kuma ɗan kasuwa ya rantse lafiya lau ya sayar da kayansa. Sau da yawa dukansu uku an bar jaki ne ana dukan taiki. Hasarar kuwa ba ƙarama ba ce, domin hawan Salla sau biyu ne kacal a shekara, ƙwallon da ta shiga raga ba ta sake shiga don mai hoto ya gyara, shi kuma mai hoto mai zaman kansa babu wanda zai biya shi kuɗin hoton da bai fito ba. Saboda haka ya kamata a san inda cutar take, a kuma san cewa masu ƙera kyamara sun tanadi maganinta a cikin kyamarar kanta, sai dai da yawa daga cikin masu riƙe da ita ba su taɓa leƙa wurin ba.

MAI AWO DABAN, MAI ƊAUKA DABAN

A da can mai hoto da hannunsa yake murza zoben gilashi har idonsa ya gamsu. A shekarar 1977 ne kamfanin Konica na ƙasar Japan ya fito da C35 AF, ƙaramar kyamara ta farko mai saita kanta da ta yaɗu a kasuwa. A 1985 kamfanin Minolta ya fito da 7000, wadda ta sa wannan fasaha ta zauna daram a manyan kyamarori masu madubi da ake sauya wa gilashi. Nikon ya biyo baya da F-501 a 1986, Canon kuma da jerin EOS a 1987. Tsarin da aka bi tun wancan zamani shi ne kyamarorin dijital masu madubi suka gada, a cikinsa kuma matsalar tamu take.

Ga yadda abin yake. Haske idan ya ratso gilashi sai ya faɗa a kan wani madubi da ke gicciye a cikin kyamara, madubin ya tura mafi yawansa sama zuwa tagar da mai hoto ke leƙawa. Tsakiyar madubin kuwa tana barin ɗan haske ya wuce zuwa ga wani ƙaramin madubi da ke bayansa, shi kuma ya karkatar da shi ƙasa zuwa ga na'urar awon saiti da ke zaune a gindin kyamara. Wannan na'ura takan ɗauki hasken da ya shigo ta gefuna biyu na gilashi ta kwatanta su, kamar yadda idon dama da na hagu suke haɗuwa su gaya wa mutum nisan abu, sa'an nan ta umurci injin gilashi ya matsa gaba ko baya. Amma da zarar an danna, sai madubai biyun su ɗage, hasken ya miƙe kai tsaye zuwa farantin da ke ɗaukar hoto a can baya.

Ashe ke nan mai awo daban, mai ɗauka daban. Idan ana son aiki ya yi daidai, wajibi ne tafiyar haske zuwa na'urar awo ta yi daidai da tafiyarsa zuwa farantin hoto, ba ragi ba ƙari. To, babu masana'antar da ke iya ƙera dubban kyamarori su fito iri ɗaya sak. Akwai ɗan kuskuren da aka yafe wa kowace kyamara, akwai kuma wanda aka yafe wa kowane gilashi. Idan kuskuren kyamara ya karkata gaba, na gilashi ya karkata baya, sai su kashe juna, mai su ya yi ta yabon kayansa. Idan kuwa duka biyu suka karkata gefe guda, sai su taru su zama abin da ido ke gani. Wannan shi ne dalilin da ya sa gilashi ɗaya zai yi aiki rangaɗau a kyamarar abokinka, amma ya ba ka kunya a taka, ba tare da ɗayansu ya lalace ba. Bugu da ƙari, tsufa, da faɗuwa, da jijjigar babur a kan hanya mai gargada, duk suna iya gusar da ƙaramin madubin nan daga mazauninsa.

ME YA SA DOGON GILASHI KE TONA ASIRI?

A kowane hoto akwai wani fage, daga ɗan gaban wurin da aka auna zuwa ɗan bayansa, wanda duk abin da ke cikinsa zai fito garau. Bari mu kira shi fagen garau. Faɗinsa ya dogara ga tsawon gilashi, da nisan abin da ake ɗauka, da kuma girman ƙofar haske. A kyamara mai cikakken faranti, watau milimita 36 da 24, gilashin milimita 50 da aka tsuke ƙofarsa zuwa f/8 aka auna mutum a mita 5 zai ba da fagen da ya fara daga wajen mita 3 da rabi ya kai fiye da mita 9. A irin wannan yalwa, ƙaramin kuskure nutsewa yake yi ba a gan shi ba. Shi ya sa mai ɗaukar hoton biki da gajeren gilashi zai shekara goma bai san kyamararsa tana da karkata ba.

Amma a ɗauki gilashin milimita 400 da aka buɗe ƙofarsa duka zuwa f/2.8, yadda masu ɗaukar wasanni ke yi don su sami saurin ɗauka. A nisan mita 20 fagen garau wajen santimita 40 ne, gaba da baya a haɗe. A mita 10 kuwa sai ya koma wajen santimita 10, watau bai kai taƙi ɗaya ba. Idan aka sami saɓanin milimita 0.05 tsakanin na'urar awo da farantin hoto, abin da bai fi kaurin silin gashi ba, to, a can mita 20 saitin zai gusa da kimanin santimita 12, ya cinye fiye da rabin rarar da mai hoto ke da ita a wannan gefe. Wannan lissafi ma na hoton da za a wanke madaidaici ne. Wanda za a yanko tsakiyarsa a faɗaɗa shi ya cika shafin farko na jarida, rararsa ta fi haka ƙanƙanta. Gajeren gilashi ma idan aka buɗe shi zuwa f/1.4 yana nuna wannan aibi, sai dai shi dogon gilashi kusan kullum a buɗe yake aiki, kuma mai shi ba shi da ikon matsawa kusa ko ya ce a tsaya a sake.

A SAN CUTA KAFIN A SHA MAGANI

Kafin mutum ya taɓa kome a cikin kyamararsa, sai ya zauna ya duba hotunansa da suka lalace, guda ashirin ko talatin, ya raba su kashi uku. Kashi na farko su ne waɗanda babu inda ya fito garau a cikinsu ko kaɗan. Waɗannan ba laifin saiti ba ne. Ko dai hannu ya yi rawa, domin tsohuwar ƙa'ida ita ce gilashin milimita 400 ba a riƙe shi a hannu da saurin da ya gaza 1/400 na daƙiƙa, ko kuwa iska ce ta shiga tsakani. Duk wanda ya taɓa hangen kwalta da tsakar rana a watan Afrilu ya ga yadda take rawa kamar ruwa, to, dogon gilashi yana jawo wannan rawar ne tare da abin da ake ɗauka. Haka nan ƙurar hunturu takan dusashe hoto komin tsadar gilashi.

Kashi na biyu su ne waɗanda wani wuri ya fito garau, amma yau gaba, gobe baya, babu tsayayyen gefe. Nan ma yawanci aikin hannu ne. Dokin da ke gudun kilomita 40 a sa'a yana cin mita 11 a daƙiƙa guda, watau kafin ƙiftawar ido ya fice daga fagen santimita 40. Irin wannan sai an sa kyamara a saitin da ke bin abu yana tafiya, wanda Canon ke kira AI Servo, Nikon kuma AF-C, a kuma ɗaga sauri zuwa 1/1000 ko fiye. Har ila yau, ɗigon awon da ake gani a taga yakan fi wannan ɗan akwatin da aka zana masa faɗi, sai ya kama gefen laima ko sandar mashi maimakon fuska.

Kashi na uku kuwa su ne waɗanda kullum saitin yake faɗawa gefe ɗaya, ko dai gaba a kowane hoto, ko baya a kowane hoto, ko da abin da aka ɗauka a tsaye yake cik. Wannan kashi kaɗai ne gyaran da za mu bayyana yake warkarwa. Wanda ya yi amfani da shi a kan sauran biyun, garin neman gira zai rasa ido.

YADDA AKE GYARAN

A shekarar 2007 ne manyan kamfanonin nan biyu suka buɗe wa mai hoto wannan ƙofa. Canon ya sa ta a EOS-1D Mark III da sunan AF Microadjustment, Nikon kuma a D3 da D300 da sunan AF Fine-Tune. A dukansu ma'auni ne mai hawa 20 ta gefen ragi da hawa 20 ta gefen ƙari. Ragi yana jawo saiti kusa da mai hoto, ƙari yana tura shi nesa. Sai dai a sani ba kowace kyamara ke da shi ba. Jerin D3000 da D5000 na Nikon ba su da shi, haka nan Canon 60D da ƙananan 'yan'uwanta irin su 600D. Masu waɗannan sai dai su nufi ƙwararren mai gyara.

A zaɓi safiya kafin ƙasa ta ɗauki zafi, ranar da babu hazo, ko kuwa wani dogon zaure mai wadataccen haske. A girke kyamara a kan sandarta mai ƙafa uku, a kashe na'urar hana rawar hannu, wadda Canon ke kira IS, Nikon kuma VR. Nisan da Canon ya ba da shawara shi ne tsawon gilashi sau 50, watau mita 15 ga milimita 300, mita 20 ga milimita 400, mita 30 ga milimita 600. Wanda ya san nisan da ya fi aiki a kai, misali daga bayan raga zuwa da'irar mai tsaron gida, ya yi gwajinsa a wannan nisan ya fi masa amfani.

Abin aunawa kuwa ba sai an sayo shi daga ƙasashen waje ba. A manna shafin jarida mai manyan baƙaƙe a jikin katako shafaffe, a tsayar da shi yana fuskantar kyamara sosai, daidai da tsayin gilashi. A gefensa a kishingiɗar da wani dogon katako da aka manna wa tef ɗin tela, rabinsa ya shigo gaba, rabi ya wuce baya, a yi alama a lambar da ta yi kafaɗa da shafin jaridar. Rular 'yan makaranta ta yi gajarta ga dogon gilashi, tun da fagen garau ɗin kansa ya fi ta tsawo. Shafin jaridar ake aunawa, ba tef ɗin ba, domin abin da ke kishingiɗe ba a sanin inda kyamara ta kama a jikinsa.

Sa'an nan a buɗe ƙofar haske duka, a zaɓi ɗigon tsakiya shi kaɗai, a sa kyamara a saitin abin da ke tsaye, a kuma yi amfani da agogon jinkiri don kada yatsa ya girgiza ta. A ɗauki hoto aƙalla biyar ta tagar leƙe, kafin kowanne a murza zobe a ɓata saitin, sau ɗaya zuwa kusa, sau ɗaya zuwa nesa, domin kyamara ta sake nema da kanta. Hoto ɗaya ba ya zama hujja, gama na'urar ba ta faɗawa wuri ɗaya sak kowane lokaci, inda mafi yawa suka taru shi ne abin dubawa. Daga nan a ɗauki wani guda ta allon baya, watau Live View, inda farantin hoto ke yin awo da kansa. Wannan shi ne alƙali. Idan na allon baya ya fito garau amma na taga suka gaza, an kama mai laifi. Idan kuwa shi ma ya dusashe, to, matsalar tana wani wuri.

A buɗe hotunan a kwamfuta a cikakken girmansu, kada a dogara da ɗan allon kyamara. Idan lambobin tef da suka fi fitowa suna gaban alama, a ƙara. Idan suna bayanta, a rage. A fara da hawa biyar-biyar har a ga inda abin ya tsallake, sa'an nan a dawo a bi shi ɗaya-ɗaya. A ajiye lambar a kan wannan gilashi kaɗai, kada a ɗora wa dukan gilasai, a kuma rubuta ta a littafi tare da kwanan wata da nisan gwaji. Bayan haka a fita a gwada a kan mutane da dabbobi, domin can ne aikin yake.

WAƊANSU ABUBUWAN LURA

Mai amfani da ƙarin gilashin nan da ake sawa tsakani don ninka tsawo, ya sani cewa da shi milimita 400 mai f/2.8 yakan koma milimita 560 mai f/4, ko milimita 800 mai f/5.6, kuma kyamara tana lissafa haɗin a matsayin wani gilashi daban, saboda haka gwajinsa daban ne. Gilashi mai zuƙowa da komawa kuwa yakan so lamba ɗaya a gajeren gefensa, wata a dogon. Canon ya ba da damar ajiye biyun a EOS-1D X da 5D Mark III na 2012, Nikon kuma a D780 da D6 na 2020. Wanda kyamararsa ke karɓar lamba ɗaya tak, ya fifita dogon gefe, inda kuskure ya fi ciwo. Tun daga D5 da D500 na 2016 waɗansu kyamarorin Nikon suna iya yin wannan kwatance da kansu, amma su ma a maimaita sau da yawa a ɗauki tsaka-tsaki. Kamfanin Sigma a 2013, da Tamron a 2016, sun fito da wani ɗan faifai da ake ɗaura gilashinsu a kai a haɗa da kwamfuta, a gyara shi a nisa daban-daban.

Akwai kuma inda gyaran gida ya ƙare. Idan gilashi bai daidaita ba sai an kai kusa da hawa 20, ko kuwa dukan gilasan mutum suna karkata gefe ɗaya, to, jikin kyamarar ne ke bukatar likita. Idan gefen dama na hoto garau ne, na hagu dishi-dishi, gilasan ciki ne suka goce, galibi saboda faɗuwa, babu lambar da za ta mayar da su.

Wani zai ce ai zamanin madubi ya wuce. Gaskiya ne kyamarori marasa madubi, irin su Sony A7 na 2013, da Canon EOS R da Nikon Z6 da Z7 na 2018, a kan farantin hoto suke yin awo, mai awo ya zama shi ne mai ɗauka, saboda haka wannan cuta kusan ta kau daga gare su. Amma kyamarorin da masu hoton Turai da Amurka suka ajiye don su koma wa sababbi, su ne ke shigo mana gwanjo, a hannunsu kuwa da yawa daga cikin matasanmu suke cin abinci, wata ma da lambobin tsohon mai ita a ajiye a ciki. Duk wanda ya sayi irin wannan, ya fara leƙa wurin ya mayar da kome sifiri kafin ya yi nasa gwajin. Mai sayen dogon gilashi kuma ya tafi kasuwa da kyamararsa, ya gwada kafin ya biya, gani ya kori ji.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin gidajen jaridu da ma'aikatun watsa labarai, inda gilashi ɗaya ke yawo tsakanin ma'aikata uku ko huɗu, kowa da tasa kyamara, da su ware safiya guda kafin kowane babban taro a gwada kowane haɗi, a rubuta lambobinsa a littafin ofis. Aikin bai wuce sa'a biyu ba, kuma bai ci kome ba sai tsohuwar jarida da tef ɗin tela. Ba a fafe gora ranar tafiya, wanda kuwa ya bari sai an buga tambari sarki ya fito sa'an nan ya shiga neman lamba, sai ya jira wata Sallar.

A mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba yadda ake kare gilashi da farantin hoto daga ƙurar hunturu. Allah Ya kai mu lafiya, amin.